Zuwa ga ƙanena a Sakkwato, mai son auna dama da hagu a cikin ƙwayar zarra

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Baba da Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iske ni makonni uku da suka wuce, lokacin muna tsakiyar aikin dare a ɗakin gwaji, shi ya sa amsa ta yi jinkiri, don haka ka yi mini afuwa. Ka ce ka kammala digirin farko a fannin fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kana jiran kiran hidimar ƙasa, kuma tun ranar da wani malaminku ya ba ku labarin gwajin da ya nuna cewa rarraunan ƙarfi, wato ƙarfin da ke sa cibiyar ƙwayar zarra ta rikiɗe, yana bambanta dama da hagu, abin ya tsaya maka a rai. Ka tambaye ni ko har yanzu akwai sauran aiki a wannan fanni, ko kuwa na farko sun gama girbi sun bar mana kala, sannan ka nemi in nuna maka hanyar da ɗan Sakkwato zai bi ya zo inda ake yin sa.

Aiki yana nan, amma kamanninsa sun bambanta da labarin da ya ja hankalinka. Labarin yana sa mutum ya ɗauka cewa a dare ɗaya ake kunna na'ura a ga abin mamaki. Shekaru goma sha biyu da na yi a nan sun koya mini cewa sana'ar tamu tuhumar ma'auni ce: ka auna abu, ka ƙi yarda da awonka, ka shekara kana neman inda ya yaudare ka. Gara ka san haka tun kana gida, kafin a sayar da ɗan abin da aka tara a yi maka guzuri.

Bari in fara daga tushe, saboda na lura a saƙonka kana haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya, wato rarraunan ƙarfi da ƙarfin da ke riƙe cibiyar ƙwaya. A cibiyar kowace ƙwayar zarra akwai furoton da nutiron, in ban da haidirojin na yau da kullum mai furoton ɗaya kaɗai. Abin da muke kira rikiɗar beta shi ne nutiron ya koma furoton, ya fitar da ilektiron tare da kishiyar nutirino, ko kuma furoton ya koma nutiron, ya fitar da fositiron da nutirino. Ƙarfin da ke riƙe cibiyar ƙwaya wuri ɗaya daban yake, ba shi ke yin wannan aiki ba. Mai yin sa shi ne rarraunan ƙarfi, wanda ƙwayoyin W da Z suke ɗauke da shi, waɗanda aka gano a CERN, babbar cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, a 1983. Nauyin W ya ninka na furoton sau tamanin da 'yan kai, kuma wannan nauyi ne ya sa tasirinsa ba ya kaiwa nesa, rikiɗar kuma take tafiya a hankali: kabon-14 yana ɗaukar shekara 5730 kafin rabinsa ya rikiɗe, kobal-60 shekara 5.27. Ko a jikinka yanzu haka, fotasiyam-40 yana rikiɗa sau dubbai a kowace daƙiƙa.

Tun a 1914 James Chadwick ya ga cewa ilektiron na beta ba sa fitowa da makamashi iri ɗaya, kamar akwai wani ɓarawo da ke ɗauke kaso a ɓoye. A Disamba 1930 Wolfgang Pauli ya kawo shawarar cewa wata ƙwaya ce marar caji take tafiya da ragowar, Enrico Fermi ya gina lissafin abin a 1933 zuwa 1934, amma sai a 1956 Clyde Cowan da Frederick Reines suka kama ta a gefen tukunyar nukiliya ta Savannah River a Amurka. Shekara ashirin da shida ke nan tsakanin zato da gani.

A wannan shekarar ta 1956 ne Tsung-Dao Lee da Chen-Ning Yang suka bi tsofaffin gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya, suka tarar cewa babu wanda ya taɓa tabbatar da cewa rarraunan ƙarfi yana mutunta daidaiton madubi, kowa ya ɗauka ne kawai haka abin yake. Chien-Shiung Wu ta Jami'ar Kolombiya ta ɗauki aikin, ta haɗa kai da Ernest Ambler da abokan aikinsa a hukumar ma'aunai ta Amurka da ke Washinton, saboda su ne suka iya sanyaya abu har ya kusa ƙarshen sanyi. Ka tuna katantanwar da muke murzawa a ƙasa muna yara. Cibiyar kobal-60 tana juyi kamar katantanwa, to amma a cikin ɗumi kowace tana fuskantar inda ta ga dama. Sai da suka kai sanyin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na digiri sama da sifilin ƙarshe, suka sa maganaɗisu, sannan cibiyoyin suka jeru suna juyawa ta fuska ɗaya. Yanzu ka ɗauka katantanwar tana juyi a saman madubi da aka shimfiɗa a ƙasa. Hotonta da ke cikin madubin yana juyawa ta hannun da take juyawa, amma samanta ya koma ƙasa. Idan halitta ba ta bambanta duniyarmu da ta madubi, dole ilektiron da ke fita sama su yi daidai da masu fita ƙasa. Abin da suka gani a ƙarshen Disamba 1956 da farkon Janairu 1957 shi ne ilektiron sun fi fita ta ɓangaren da ya saba wa fuskar juyin. Abin da ya fi burge ni a aikin, da kuma ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, shi ne bambancin yana gushewa cikin 'yan mintoci yayin da lu'ulu'un da ke ɗauke da kobal ɗin ke ɗumama cibiyoyin suna watsewa, kuma yana juyawa idan aka juya maganaɗisu. Wannan gushewar ita ce shaida cewa ba na'ura ce ke ƙarya ba. Lee da Yang sun karɓi kyautar Nobel a 1957, Wu ba ta samu ba, kuma ina cikin masu ganin an tauye ta, ko da yake ita ce ta fara karɓar kyautar Wolf ta fiziks a 1978.

Nan da nan Maurice Goldhaber da Lee Grodzins da Andrew Sunyar suka yi gwaji da yurofiyam-152 a Brookhaven, sakamakon ya fito a 1958, suka nuna cewa nutirino bahago ne: a kullum juyinsa ta hagu yake idan aka dubi inda ya dosa. A gidajenmu ana tsawata wa yaron da ya miƙa hannun hagu a kwano, ga shi rarraunan ƙarfi da hagu kaɗai yake ci. Daga nan Richard Feynman da Murray Gell-Mann, da kuma George Sudarshan da Robert Marshak, suka tsara siffar lissafin wannan ƙarfi da muke kira V−A, wadda har yau take zaune daram a cikin Tsayayyen Tsarin ƙwayoyi, wato babbar ƙa'idar da ke bayyana ƙwayoyi da mu'amalarsu.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da nake so ka riƙe fiye da na madubi. A 1953 da 1955 an buga sakamakon gwaji kan hiliyam-6 da ya nuna cewa siffar ƙarfin wata ce daban, wadda ake kira tensa, kuma masana suka yarda, suka yi shekaru suna gini a kai. Da masu lissafin V−A suka zo, wannan gwajin ne ya tsaya musu a maƙogwaro, har suka yi ƙarfin halin cewa akwai kuskure a cikinsa. Da aka sake duba na'urar, sai aka gane cewa iskar hiliyam ɗin tana kasancewa har a wani sashe na bututun da ba a sa shi a lissafi ba, rikiɗar da ke faruwa a can ta karkatar da sakamako. Mutanen da suka yi aikin ba sakarkaru ba ne, ƙwararru ne, amma wani ɗan lungu na na'urarsu ya ɓatar da duniya. Sai a 1963 aka auna abin da kyau a Oak Ridge, aka sami adadin da ke bayyana kusurwar da ke tsakanin ilektiron da nutirino kusa da −0.334, inda V−A ta ce −1/3, tensa kuwa +1/3.

To, ina sauran aikin yake? Yana cikin lambobin bayan ɗigo. Mun san cewa V−A ita ce mafi rinjaye, amma ba mu rufe ƙofar cewa akwai ɗan gauraye na wata siffa ba, ko wata ƙwaya mai nauyi da ke mu'amala da na-dama. Tun 1957 Jackson da Treiman da Wyld suka rubuta adadan da ake aunawa, waɗanda muke kira da haruffa a, b, A, B da D, kuma yau burin kowa shi ne ya auna su da kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Idan an kai nan, ɗan gwajin da ke kan tebur biyu zai iya jin ɗuriyar ƙwayoyin da ake farauta a babban zoben CERN mai kewayen kilomita 27. Wahalar ita ce nutirino ba ya kamuwa, don haka daga yadda cibiyar ƙwaya ta ja da baya ake gane inda ya nufa, kamar yadda bindigar toka take bugun kafaɗar maharbi, kuma wannan ja da baya ɗan kaɗan ne ƙwarai, ko siririn bango zai haɗiye shi. Shi ya sa ake rataye ƙwayoyin a sarari marar iska, ba tare da sun taɓa komai ba. A TRIUMF da ke Bankuba a Kanada, gwajin TRINAT yana riƙe fotasiyam-37 da hasken leza, ga shi rabin wa'adinsa, wato lokacin da rabinsa ke rikiɗewa, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ne kawai. A Argonne ta Amurka ana kama litiyam-8 a tarkon lantarki, a ISOLDE ta CERN gwajin WISArD yana aiki da argon-32, a Siyatil kuma ana sauraron raƙuman rediyon da ilektiron ɗin hiliyam-6 yake fitarwa sa'ad da yake kewaya cikin maganaɗisu, don a san makamashinsa ba tare da an tare shi ba.

Inda ruwa ya fi zurfi a yanzu, a ganina, shi ne batun cakuɗar kwak, wato ƙananan ƙwayoyin da furoton da nutiron suka ƙunsa. Nicola Cabibbo a 1963, sai Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa a 1973, sun nuna cewa rarraunan ƙarfi yana raba hankalinsa tsakanin iyalan kwak uku. Kwak na sama yana iya mu'amala da na ƙasa, ko da baƙo, ko da na gindi, da adadi uku da ake kira Vud da Vus da Vub. Idan iyalai uku ne kawai, kuma babu wani ƙarfi a ɓoye, to idan aka ninka kowane adadi da kansa aka tara, dole jimla ta zama ɗaya cif, kamar rabon gado da dole kasonsa ya cinye dukiyar ba ragi ba ƙari. Mafi girmansu, Vud, daga rikiɗar beta ake samun sa, ta wasu cibiyoyi na musamman da ba su da juyi kafin rikiɗa da bayanta, irin su kabon-10, oksijin-14, alminiyam-26m, har zuwa rubidiyam-74. Ga kowace sai an auna rabin wa'adinta, da kason rikiɗar da ke bin wannan hanya, da makamashin da ke fita, wanda ake samu ta auna nauyin ƙwaya a tarkon Penning, irin wanda ke Jyväskylä a Finlan. John Hardy da Ian Towner sun shafe shekaru da dama suna tace waɗannan awo, kuma bitarsu ta 2020 ta ba da Vud a kan 0.97373. Idan ka haɗa da Vus mai kusan 0.2243 da ake samu daga ƙwayoyin kewon, masu ɗauke da baƙon kwak, da Vub wanda ƙanƙantarsa ta sa bai cika tasiri ba, jimla tana fitowa kusan 0.9985. Ɗauki na'urar lissafinka ka gwada da kanka. Giɓin ya ninka kuskuren awo sau biyu zuwa uku, kuma ya fito fili ne bayan da aka sake lissafin wani gyara na ƙa'ida a 2018. A al'adarmu sai giɓi ya ninka kuskure sau biyar ake kiran sa ganowa. Ni dai na fi zargin gyare-gyaren da suka shafi tsarin cikin cibiyar ƙwaya, waɗanda lissafinsu ke da wuya, fiye da sabon ƙarfi, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tambaya ce da tsararrakinka za su warware.

Kusa da wannan akwai rigimar tsawon ran nutiron. Nutiron da ya fita daga cibiyar ƙwaya yana rayuwa kusan minti goma sha biyar a matsakaici. Wasu suna zuba nutiron masu tsananin sanyi a cikin tarko mai kama da kwalba, su jira, su ƙirga waɗanda suka rage, kuma ta haka gwajin UCNτ a Los Alamos ya sami daƙiƙa 877.75 a 2021. Wasu kuma suna barin nutiron su wuce a jere kamar ruwa a kwata, su ƙirga furoton da ake haifa a hanya, kuma ta haka hukumar ma'aunai ta Amurka ta sami kusan daƙiƙa 888. Bambancin daƙiƙa goma ne, alhali ɓangaren farko yana iƙirarin kuskurensa bai kai daƙiƙa ɗaya ba, na biyu kuma kusan biyu. An yi ta rubuce-rubuce cewa wataƙila nutiron yana rikiɗa zuwa wata ɓoyayyar ƙwaya. Wanda ya san labarin hiliyam-6 zai fara leƙa lungunan na'ura tukuna.

Ka kuma tambaya game da lokaci, wato ko dokokin suna nan yadda suke idan aka mayar da tafiyar abubuwa baya. A 1964 James Cronin da Val Fitch suka ga cewa ƙwayoyin kewon suna karya daidaiton da ya haɗa madubi da musayar ƙwaya da kishiyarta, wanda a ƙa'ida karya shi daidai yake da karya daidaiton lokaci, kuma a 1967 Andrei Sakharov ya nuna cewa irin wannan karyewa tana cikin sharuɗɗan da za su sa sararin samaniya ya cika da ƙwayoyi, kishiyoyinsu kuma su ɓace. Abin da aka gani a cikin kwak bai isa ya bayyana yawan abin da ke duniya ba, don haka ake neman wata majiya. A rikiɗar beta adadin D ne yake ɗauke da wannan tambaya. Gwajin emiT da nutiron ya same shi daidai da sifili har zuwa kaso kaɗan cikin dubu goma, kuma an tsara gwajin MORA a Finlan don matsa awon da magniziyam-23. Ka lura da kyau: mutane sun ba da shekarun ƙuruciyarsu don su sami sifili, kuma wannan sifilin sakamako ne mai daraja, domin ya kashe ra'ayoyi da dama. Idan zuciyarka ba za ta iya ɗaukar digirin digirgir da amsarsa sifili ce ba, ka sake tunani.

Kuskuren awo iri biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwa ya san su. Na farko shi ne na hannu: yau mudu ya ɗan yi tozo, gobe ya ɗan kwanta, kuma idan aka auna da yawa sai su cinye juna. A wurinmu wannan yana raguwa da yawan ƙirga, amma a hankali, domin sai ka ƙirga rikiɗa miliyan ɗaya kafin ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin dubu, kuma idan kana son rage shi sau goma sai ka ninka ƙirgan sau ɗari. Na biyu shi ne mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ko ka auna buhu dubu da shi, kuskuren yana nan, ƙara awo ma ƙara maka yarda da ƙarya yake yi.

Na taɓa faɗawa wannan rami, kuma laifina ne ni kaɗai. A shekarata ta uku ta digirin digirgir, na ga siffar makamashin ilektiron ta ɗan kauce daga abin da lissafi ya ce, kuma kaucewar ta yi kama da wadda adadin b zai haifar. Kwana biyu ban yi barci ba, har na fara tsara yadda zan sanar da mutanen gida. Malamata ta dubi zanen na ɗan lokaci, ta tambaye ni kaso nawa na ilektiron ne suke bugun na'urar silikon su koma da baya ba tare da sun ajiye dukkan makamashinsu ba, kuma daga wace kusurwa suke shiga. Na sa wannan a kwaikwayon kwamfuta, amma na ɗauki wurin da samfurin yake daga zanen injiniya, ban je na auna da hannuna ba. Da muka buɗe tukunyar, sai ga shi ya goce da 'yan milimita. Wata huɗu na yi ina gyara, kuma da na gama, sabon ƙarfin nawa ya bi iska. Tun daga nan na fahimci dalilin da ya sa ƙungiyoyi da yawa suke makantar da kansu da gangan: wani ya ɓoye wata lamba a cikin bayanai, kowa ya gama gyare-gyarensa bai san amsa ba, sai ranar ƙarshe a buɗe. Son zuciya yana shiga lissafi ta inda ba a zato.

Saboda haka, shekarar hidimar ƙasa da ke gabanka jari ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka koma kan makanikan kwantam har sai lissafin juyi da haɗa shi ya zama maka kamar karatun allo, ka ƙara da lantarki da maganaɗisu. Ka koyi ilimin ƙididdiga da gaske, domin a nan na ga yawancinmu muna tuntuɓe idan mun zo. Ka koyi rubuta manhaja da Python, sannan C++, saboda ROOT da Geant4, waɗanda kusan kowane ɗakin gwaji yake amfani da su, kyauta ne, kuma za su yi aiki a kwamfutarka ta cinya a nan Sakkwato idan ka sami caji. Kada ka raina aikin hannu. Wanda ya iya riƙe ƙarfen walda na lantarki, ya iya bin waya ya gano inda ta tsinke, yana da daraja a wurinmu, kuma 'yan watanni a shagon mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola za su amfane ka fiye da yadda kake zato. Idan da hali, ka nemi digiri na biyu ko ziyarar aiki a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Zariya, inda ƙaramar tukunyar nukiliya NIRR-1 mai kusan kilowat 30 take aiki tun 2004, ko a cibiyar Ile-Ife mai na'urar hanzarta ƙwayoyi. Ba gwajin madubi ake yi a can ba, amma za ka taɓa na'urar ƙirga da hannunka, ka daidaita ta, ka ga yadda take sauya hali idan ɗaki ya yi zafi, kuma wannan ne abin da malamin da zai ɗauke ka yake son ji.

Hanyoyin fitowa na gaskiya sanannu ne. Cibiyar ICTP da ke Tiriyesta a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, shi da ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Glashow da Weinberg kan haɗa rarraunan ƙarfi da lantarki, tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, tare da tallafi, kuma da yawa daga can suke wucewa digirin digirgir, sai dai ta fi karkata ga lissafin ƙa'ida. Cibiyoyin AIMS, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003 suka bazu zuwa Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, suna ba da digiri na biyu a lissafi ba tare da ɗalibi ya biya ba. Akwai Makarantar Fiziks ta Afirka da aka fara a 2010, mai zagaya ƙasashe, inda za ka haɗu da malamai ido da ido, akwai kuma iThemba LABS kusa da Kef Tawun, wadda ita ce babbar cibiyar hanzarta ƙwayoyi a nahiyarmu. A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai da dama, ɗalibin digirin digirgir a fiziks biyan sa ake yi, ko ta koyarwa ko ta bincike. Don haka duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi ya samo maka gurbi, ka riƙe kuɗinka. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne sakamako mai kyau, da wasiƙun malamai da suka san ka da gaske, da gajeren saƙo zuwa ga shugaban ƙungiya wanda ke nuna ka karanta aikinsu. Ka kuma sani kalmar nukiliya tana sa jami'an biza su ƙara bincike: Ingila tana neman takardar ATAS kafin biza, kuma shiga manyan ɗakunan gwajin gwamnatin Amurka yana buƙatar tantancewa mai ɗaukar lokaci, saboda haka ka fara da wuri, ka kuma bayyana aikinka a fili yadda yake.

Rayuwar nan tana bin jadawalin na'ura. Kwamiti zai ba ƙungiyarku mako ɗaya ko biyu a shekara, ku yi wata goma kuna shiri, sannan ku yi aiki dare da rana bi da bi, kuma idan famfon zuƙe iska ya lalace a dare na biyu, babu mai mayar muku da kwanakin. Na yi sallar asuba sau da yawa a bayan akwatunan lantarki, na kuma yi azumi a lokacin bazarar arewa da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, ina zaune gaban allon ƙirga. Abokan aiki ba su taɓa hana ni ba, sai dai babu wanda zai tuna maka, kuma kewar gida tana da nauyi a watannin duhu da sanyi, musamman ga wanda ya tashi a zafin Afrilun Birnin Shehu.

Ba ka tambayi batun dawowa ba, amma Baba zai tambaya. Na'urorin da ke samar da ƙwayoyi masu gajeren rai suna da tsada ƙwarai, kuma ƙasashe kaɗan ne suke da su, don haka wanda ya koma gida yakan ci gaba da wannan bincike ne ta haɗin gwiwa, yana nazarin bayanai daga jami'arsa, yana zuwa lokacin gwaji. Amma gwanintar ba ta ɓata. Wanda ya iya auna ilektiron zuwa kashi ɗaya cikin dubu zai iya daidaita na'urar gasa daji a asibiti, inda kobal-60 ɗin da Wu ta yi aiki da shi ya daɗe yana warkar da mutane, zai iya auna tururin nukiliya a ruwan rijiya da ƙasar haƙar ma'adinai, zai kuma iya koyar da ɗalibai yadda ake rubuta lamba tare da kuskurenta. Ni kaina wannan ce shawarar da nake juyawa a raina a 'yan shekarun nan.

Ga aikin da nake so ka yi kafin mu sake magana. Ka rubuta ƙaramar manhaja da za ta kwaikwayi rikiɗar hiliyam-6, mai rabin wa'adi na daƙiƙa 0.807, ka ƙirƙiri rikiɗa miliyan ɗaya, ka fitar da rabin wa'adin daga bayanan tare da kuskurensa. Sannan ka sa na'urar ƙirgan ta riƙa makancewa na ɗan taƙaitaccen lokaci bayan kowace ƙirga, kamar yadda na gaske suke yi, ka duba ta wane ɓangare amsar ta karkata, ka rubuta mini dalili a shafi ɗaya da kalmominka. Ka haɗa da takardar sakamakonka ta jami'a, zan nuna wa wani abokin aikina da ke neman ɗalibi a shekara mai zuwa.

Ka gaishe da su Baba da Inna, ka ce ina neman addu'a.

Wassalam,
Yayanka.